Telar Da Ta Ɗinka Wa Talabijin Labule

Labarin da ke yawo a layinsu shi ne wai telar nan ta bakin kwana ta ɗinka wa talabijin ɗinta riga da wando, har da hular sanyi, don kada yara su gan ta tsirara. Wasu sun ƙara gishiri, sun ce kullum da safe sai ta yi mata wanka ta shafa mata hoda, kuma in baƙo namiji ya shigo, talabijin ɗin da kanta take juya fuska bango saboda kunya. Mai gyaran takalma ya rantse da idonsa ya gani, alhali mutumin nan ko dokin ƙofar shagon bai taɓa tsallakawa ba.

To, ƙarya ce, jama'a. Babu wando, babu hula, hoda kuwa ita kanta telar ba ta dame ta ba. Labule ne kawai, ɗan ƙarami shuɗi mai furanni, ragowar yadin wata amarya da ta rame kafin a gama ɗinki. Kuma ba don tsiraicin talabijin aka yi shi ba. Yana da dalili, dalilin ma mai nauyi, ga shi nan tafe.

Shagonta ɗaki ne guda a gaban gida, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. In ka leƙa za ka ga teburin yanka, da almakashi ɗaure da igiya a ƙafar teburin, don ta ce almakashinta yana da ƙafa, da ta juya baya sai ya tafi gidan maƙwabta. Ga gwangwanin biskit cike da maɓallai, wanda ya yaudari yaran layin nan kaf, kowanne sau ɗaya. Ga tef ɗin awo a wuyanta, da shi take girki, da shi take zuwa kasuwa. Sai kuma keken ɗinkin, baƙi, na takawa da ƙafa, gadon mahaifinta. Keken nan in ta taka shi da zuciya ɗaya, ƙararsa sai ka ce jirgin ƙasa ya shigo kicin.

Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya mata bakwai na wani tela mai raunin ido. Makaranta ta yi ta har inda ta iya rubuta awo ba ta rikita kafaɗa da ƙugu ba, daga nan ta dawo shago tana zura wa tsohon zare a allura. Mutum ne da ba ya hutu, amma ƙarfe biyar na yamma na yi, ko rigar wa ce a ƙarƙashin allura, sai ya ɗage ƙafa daga keke ya ce, "Kunna mana mutanen." Mutanen kuwa su ne na wani wasan barkwanci mai suna Sama Da Gidan Burodi.

Wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Wani mai burodi ne mai kiba da faɗa, yana zaune da iyalinsa a saman gidan burodinsa. Yana da suruki malalaci wanda ya zo kwana uku ya shekara tara, da wata maƙwabciya da kullum take zuwa aron sukari tana fari da ido. Duk maganar da aka yi sai ka ji wasu mutane da ba a gani sun kwashe da dariya, mutanen da yanzu haka rabinsu sun riga mu gidan gaskiya amma har yau suna dariyar. Kashi casa'in da shida ne. Telarmu ta san su kamar yadda ta san yatsunta. Ta san inda mai burodi zai yi atishawa. Takan ce masa "sannu" tun kafin ya yi.

Tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta gaji keke. Ta auri wani mai gyaran famfo, mutumin kirki, sai dai an ce rabonsa da dariya tun ranar da aka yi masa rigakafi yana jariri, ita ma ba a tabbatar ba. Suka haifi uku. Ana nan sai wata tasha mai nuna tsofaffin shirye-shirye ta dawo da Sama Da Gidan Burodi, ƙarfe biyar daidai, kamar an tambaye ta. Ranar farko da ta ji kiɗan buɗewa, ta ɗage ƙafa daga keke ba ta ma sani ba, ta yi dariya tana share ido da ƙyallen wata mata. Tun daga nan rabin awar nan ta zama tata ita da tsohonta. Yara kuma suka riƙa zama a ƙasa cikin ɓarɓashin yadi suna kallo tare da ita.

Matsalar ta ɓullo ne ta hannun Auta, 'yar shekara bakwai mai bakin tsiya. Wata Laraba surukin telar, wato kakan yara, tsohon direban bas mai ciwon ƙugu, ya zo gaishe su yana tafiyarsa ta jirgewa gefe kamar mota mai taya ɗaya a sace. Yana ratsa tsakar gida sai ga Auta a bayansa, ta turo ciki, ta jirge gefe, tana bin sawunsa taku bayan taku, ta ɗaga murya ta ce, "A matsa, a matsa, tsohon buhu zai wuce!"

Maganar surukin nan malalaci ce a cikin wasan, haka yake yi wa mai burodi a bayan idonsa.

Mai gyaran famfo na tsugune yana wanke sifanoninsa. Sifana ta faɗi. Kakan bai juyo ba, kafaɗunsa kawai aka ga suna rawa, ya shige ɗaki da sauri ya turo ƙofa. Ɗan ya dubi ƙofar, ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa.

"Maman Auta, kin ga abin da akwatinki ya jawo? Mahaifina ne ke kuka a gidana."

"Baban Auta, yarinya ce..."

"Yarinya ce da malami. Malamin kuma yana kan kantarki. Gobe zan sauke shi in ɗora a saman kwaba, ya koya wa ƙadangaru rashin kunya."

Ta san mijinta. Mutum ne da in ya ce zai ɗaure famfo, famfon ba ya sake ɗiga har abada. Ta bar shi ya ci abinci, ta kawo masa shayi, sannan ta lallaɓa. Ta ce ba duka wasan ne lalatacce ba, kamar yadi ne, akwai inda ya yage akwai inda yake da kyau, tela kuma ba ya jefar da yadi don gefe ɗaya ya yage. Ta roƙi mako biyu. Ya juya cokali a kofi har shayin ya huce, sannan ya ce ya ba ta. Amma ranar Asabar ta biyu shi da kansa zai zauna ya kalla tare da yara, in kunnensa ya ji kalma ɗaya da ba ta dace ba, ko idonsa ya ga abu ɗaya, talabijin ta hau kwaba, magana ta ƙare.

Nan fa baiwar Allah ta ɗaura ɗamara. Ta ɗauko wani sabon littafin awo, ta ba kowane kashi shafi guda, duk daga ka, ba ta jira an nuna ba. Da yake dogon rubutu na sa mata ciwon wuya, sai ta koma ga abin da ta iya. Kowane shafi ta ɗinke kusurwarsa da zare. Kore, kowa ya kalla. Rawaya, a kalla amma da gyara. Ja, yara su fita su yi wasa. A ƙasa kuma ta ɗan yi bayani irin na tela:

"Na sha huɗu. Akuya ta shiga gidan burodi. Kore. Ya zauna daidai, ko jariri zai sa."

"Na talatin da ɗaya. Suruki ya sha sigari sau biyu, ya zagi babba sau ɗaya. Rawaya. A rage masa wuya."

"Na hamsin. Maƙwabciya ta zo aron sukari, matar gida ba ta nan. Ja. Wannan ba ya gyaruwa, a farke."

Kore ya tashi arba'in da ɗaya, ja goma sha biyu, sauran duk rawaya. Rawayan nan su ne aiki, su suka haifi labule. Ta kafa waya a gaban talabijin, ta rataya ɗan labulen, ta zaro igiya ta bi ta kan wani kwarkwaron zare da ta kafa a bango, ta sauko har gefen keke. In abin da bai kamata a gani ba ya matso, sai ta ja igiya, fuu, labule ya rufe. In kuma magana ce da bai kamata a ji ba, sai ta taka keke da ƙarfi, jirgin ƙasa ya wuce, maganar ta bi shi. Da yake ta haddace wasan, ba ta taɓa makara ba. Suruki zai buɗe baki, keke ya ɗauka, ya rufe baki, keke ya tsaya, sai dariyar mutanen da ba a gani ta biyo baya.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika layi. Matan da ke kawo ɗinki suka fara tambaya, "Na yau wane zare ne?" Matar mai kantin magani ta aiko a ara mata littafin ta kwafa. Wata malamar makaranta ta zo da biro ta zauna awa biyu, ta tashi ta manta da siket ɗin da ta zo karɓa. Yaran maƙwabta suka ƙaru a ƙasan shago, don iyayensu sun ce in dai a can ne, a je. Suka sa mata suna Anti Labule, sunan ya manne kamar cingam a tabarma. Ita kuwa har tafiyarta ta canza, tef a wuya, littafi a hammata, sai ka ce alƙaliya.

Abin da ba ta lura da shi ba shi ne fuskokin yaran. Da can in ana wasan, rabinsu na faɗa a kan maɓalli ne, wani na barci. Yanzu kuwa da labule ya rufe sai shago ya yi tsit, idanu su firfito, a fara raɗa. Ita ta ɗauka tarbiyya ce ta fara kama su.

Asabar ta biyu ta zo. Mai gyaran famfo ya dawo da wuri, bai ko cire kayan aiki ba, ya ja kujera ya zauna ya harɗe hannu, fuskar nan kamar an aiko shi yanke ruwa. Yara goma sha ɗaya a ƙasa. Wani taubashinta, ɗan kawunta, mutum mai kyan gani da son zaman lafiya, ya zo a sa masa maɓalli, ya ga alamar shari'a, ya nemi wuri. Ana saura minti biyu sai ga Kaka ya jirgo da sandarsa, wai wucewa yake yi ya ce bari ya huta. Rabonsa da gidan tun waccan Larabar. Aka ba shi kujera mai taushi, Auta ta haye cinyarsa.

Kiɗa ya tashi. Telar ta leƙa littafi. Kashi na talatin da ɗaya. Rawaya. Ta goge tafin hannu a zani, ta kama igiya, ta ɗora ƙafa a keke.

Minti shida lafiya lau. Mai burodi ya ƙone yatsa, yara suka yi dariya, maigida bai motsa ba. Sai suruki ya waiga hagu da dama, ya nufi bayan buhunan fulawa. Fuu, labule ya rufe. Ana jin tari daga ciki, da wata ƙara kamar abu ya faɗi.

Cikin shirun nan Auta ta juya ta kama gemun kakanta, ta yi masa bayani da muryar da take ganin raɗa ce:

"Kaka, yanzu yake yanka maƙwabciyar. In ya gama sai ya sa ta a tanderu. Shi ya sa burodinsu ke da daɗi."

"Ba a tanderu ba," in ji ɗan mai kantin magani. "A buhu yake zuba ta."

"To gobe ma ai tana zuwa aron sukari," wata ta ce.

"Wata ce daban. Suna da yawa. Kullum ɗaya."

Maigida ya warware hannunsa a hankali. "Ke Auta, wa ya gaya miki haka?"

"Ba wanda ya gaya mini, Baba. In ba yanka ba ne, me zai sa Mama ta rufe?"

Ya juyo ya dubi matarsa. Ita kuwa igiya na hannunta, baki buɗe. Kusan mako biyu ke nan yaran layi suna kwana da mai burodi mai gasa mutane, ita tana nan tana ɗinke kusurwar shafi.

"Maman Auta, buɗe mu gani."

Ta saki igiya. Labule ya koma gefe. Ga suruki tsugune a bayan buhu, ɗan guntun sigari a baki, yana tari kamar zai amayar da huhunsa, buhun fulawa ya ɓare masa a ka, ya yi fari fat sai idanu. Yara suka yi tsaki gaba ɗaya.

"Wannan ne kawai?" in ji Auta. Har ranta ya ɓaci.

Telar kuwa ta hango abin da ke tafe. Mai burodi ya shigo yana jirga tumbi, suruki ya miƙe ya bi bayansa. Maganar nan ce, ita dai wadda ta jawo duk wannan. Ta rufe ido ta taka keke da iya ƙarfinta, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, shago ya ɗauki rugugi har maɓallai na rawa a gwangwani. Bakin suruki ya motsa, ba a ji komai ba.

Amma an ji. Daga kujera mai taushi wata tsohuwar murya, irin wadda ta shekara talatin tana kiran fasinja a tasha, ta haye saman ƙarar keke:

"A matsa, a matsa, tsohon buhu zai wuce! Buhun ma na dusa!"

Keke ya tsaya. Kaka na dariya har sandarsa ta faɗi, kafaɗunsa na rawa, irin rawar da suka yi ranar Laraba sak.

"Kaka ya fi mutumin iyawa," in ji Auta. "Shi ya koya mini tafiyar ma. Ya ce in ƙara turo ciki."

Mai gyaran famfo ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. "Baba... ashe ba kuka kuke yi ba rannan?"

"Kukan me? Guduwa na yi kada in yi dariya a gabanka, na ga ka haɗe rai kamar an mutu. Kai, a tasha Tsohon Buhu ake kirana tun kana rarrafe, saboda wasan nan. Direbobi kan ajiye mota da fasinja a ciki mu je kallo. Tun da na daina aiki ba wanda ya sake kirana da shi, sai wannan 'yar albarka." Ya shafa kan Auta. Sannan ya nuna ɗansa da baki. "Kai ma ɗin, wa ya taɓa cusa filo a riga yana tafiyar mai burodi har ya faɗa baho?"

A nan ne abin tarihi ya faru. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron mai gyaran famfo, irin wanda famfo ke yi in ruwa ya daɗe bai zo ba, tari-tari, shaƙuwa-shaƙuwa, sannan ya ɓalle. Yara suka tsorata, biyu suka ruga waje. Matarsa ta shekara goma sha shida tana aurensa, ranar ta fara ganin haƙoransa na ciki.

Da ya dawo hayyacinsa ya gyara murya ya yanke hukunci. Talabijin ta zauna inda take. Jan zare yana nan, yara su fita, wannan bai canza ba. Labule kuwa a daina ja, don abin da ke cikin kan 'yarsa ya fi abin da ke cikin akwatin ban tsoro. Auta kuma, ko wa ya koya mata, in ta sake bin bayan babba tana jirgewa, za ta gane kurenta. Kaka ya ce an tauye masa haƙƙi. Ba wanda ya kula shi.

Yanzu in ka bi ta layin ƙarfe biyar ba za ka ji keke ba. Ta koma ɗage ƙafa kamar yadda tsohonta ke yi. In suruki ya ɗauko sigari, sai ka ji ta daga titi tana yi masa faɗa, "Ji mara kunya, a gidan mutane! Ku dube shi, huhun ma ya ƙi shi!" Yara su taya ta, har sun fi ta zafi. Kaka na kan kujera mai taushi kullum, wai wucewa yake yi. Littafin na nan yana yawo gida-gida, kusurwoyinsa sun yi baƙi, ta ƙara masa layi ɗaya a bangon farko: "Rawaya, a zauna tare da su." Labulen kuma sai an kashe talabijin ake rufe shi, saboda ƙura. Daga nan ne masu ƙarin gishiri suka samo riga da wando.

Taubashin nan nata kuwa, wanda har yau ba a sa masa maɓallinsa ba, bai bar ta ta huta ba. Duk inda dangi suka taru sai ya tayar da zancen, yana kwaikwayon yadda ta taka keke babu ƙyalle. Kwanan baya ya leƙa shagon, ya same ta da allura a baki, ya jingina da ƙofa.

"Anti Labule, alƙaliyar akwati! An ce tashar ma za ta ɗauke ki aiki, ki riƙa tsayawa a gaban kyamara da zani. To ni fa, in an ba ni shafi a littafin, wane zare za ki sa mini? Kore ko?"

Ta cire allurar daga baki, ta dube shi tun daga takalmi har hula, irin kallon da take yi wa yadin da ba zai isa ba.

"Kai ba na ɓata zare a kanka. Surukin wasan ma rabin awa yake yi a kashe shi a huta. Kai shekara arba'in ana maimaita kashi ɗaya, kuma ko mutanen da ba a gani ba su taɓa yi maka dariya ba. Matsa daga ƙofar, kana tare mini haske."